Teburin Iya Hindu a Bakin Kwalta

Iya Hindu tana saida soyayyar gyaɗa a Maijirgi, teburinta dab da kwalta. Jikanta Lamine, ɗan lise, wato makarantar sakandare, a Tasawa, ya zo hutu da saƙon babansa: a ja teburin baya kafin wata mota ta yi ɓarna.

"…lafiya lau, angona. Har yanzu lakwal, bokon nan naku, ba ta sa maka nama ba?"

"Ke kika cinye rabona, tsohuwa. Tashi in ja miki teburin nan."

"Taɓa shi ka ga saki a bainar jama'a!"

"Ki sake ni, wa zai kwashe ki? Iya, iskar abu mai gudu tana jawo mutum. Shi ya sa a tashar jirgin ƙasa ake ja layi, a ce kowa ya tsaya bayansa."

"Ni haifaffiyar Maijirgi za ka koya wa jirgi?"

"Garin da jirginsa jaki ne da amalanke?"

"Jakin ya fi ka amfani, shi yana kawo gero. Wa ya ce maka iska na ja? Turewa take yi."

"Mushenmu, malaminmu na lise. In jirgi ya taho a guje, iskar gefensa da ta ƙarƙashinsa ita ma gudu take, sai matsinta ya ragu. Ta bayanki mai cikakken ƙarfi sai ta tunkuɗa ki ciki. Kamiyo, babbar motar kaya, ma haka."

"Mushe ya faɗa? Ni ba ni cin mushe."

"Shi ya sa kika rame. Ke ko keke ya wuce sai ya tafi da ke Zinder."

"In je Zinder in samo miji mai gemu!"

Ba ta rufe baki ba sai ga kamiyon albasa ya wuce kamar walƙiya. Gyalenta ya yi wajen kwalta, faifan da ta rufe gyaɗa da shi ya tashi ya shige ƙarƙashin taya. Lamine ya cafke hannunta. Iya ta bi faifan da kallo, ya zama kamar an daka shi.

"To, amarya, iska turewa take ko ja?"

"Wannan ba iska ba ce, direban ne ya gan ni ya ruɗe."

Sai dariya ta kuɓuce mata. Ta cika masa aljihu da gyaɗa.

"Ɗauki teburin, mummuna. Kai shi gindin itacen bedi, kada a sace maka mata."