Bogar Adawiyya da Dasashin Baba Inuwa

"Lafiya lau, amarya. Ya mutanen Gaya? Au, wannan kwandon fa? Ko korar ki aka yi kika kwaso komatsanki?"

"Wa zai kore ni? Angona na zo dubawa. An ce mini ya kusa ƙarewa, na ce bari in zo in ga abin da zan gada."

"Ga tabarma nan, ga buta. Kwashi ki ƙara gaba."

Adawiyya ta durƙusa ta ƙarasa gaisuwa tana dariya. Baba Inuwa kakanta ne na wajen uwa. Shekara arba'in ya yi a kan tukubar tsire a Kademi, har daga Gafasa ake aiko masa. Shekara biyu ke nan da sauran haƙoransa suka zube, ya bar wa almajirinsa Dalhatu tukubar, ya koma kunu da fate. Ko da Babbar Sallah romo kawai ake zuba masa, zancen nama ma ya daina yi. Ita kuwa ta gama koyon girki a Kano, ranar Asabar za ta buɗe ɗan shagonta a Gaya, kuma ta rantse shi zai fara ɗanɗana hannunta.

"Me ke cikin kwandon?" in ji shi.

"Boga zan yi maka."

"Boka? A'uzubillahi! Karatun da aka tura ki ke nan?"

"Boga, tsoho, boga! Kunnen ma ya bi haƙoran ne?"

"Yo na san ta mana. Bara da kawunki Tukur ya kai ni ganin likita a Kano, ya shigar da ni wani gidan abinci mai sanyi kamar cikin randa. Aka kawo ta a kwali, an soka mata tsinke a ka. Na wage baki iya wagewa, ta ƙi shiga. Na danne ta, ganye ya fito ta baya, wani farin abu ya tsiyayo mini a babbar riga. Na ce da mai kawowar, bawan Allah, akuya kuka ɗauke ni?"

"To ka ci?"

"Burodin na jiƙa a lemo."

Ya faɗa ne cikin wasa, amma Adawiyya ba ta yi dariya ba. Ta hura gawayi a kurfoti, ta ɗora kasko, ta fito da niƙaƙƙen nama ta mulmula shi ta faɗaɗa. Ƙamshi ya tashi. Tsohon ya kau da kai wai shi kaji yake kallo, hancinsa kuwa sai motsi yake. Ta danne naman da cokali, ta juya, ta sake dannewa, sannan ta sa shi a tsakiyar burodi da tumatir da albasa ta miƙa masa.

Ya gutsuri kaɗan da yatsa ya jefa a baki. Ya mamula, ya mamula, ya ƙara mamulawa.

"Amarya, tsakaninki da Allah, silifas ɗin wa kika soya?"

Ta ɗanɗana da kanta, ta ji shi a bushe ƙayau. Asabar kuwa saura kwana uku.

"Dasashinka ne ba shi da ƙarfi," ta ce, amma muryarta ta yi sanyi.

"Dasashina ya fi haƙoran samarinki. Me kika ce da mahaucin?"

"Na ce ya ba ni zallar tsoka, kar ya sa kitse. Malaminmu ya ce kitse ba shi da kyau."

"Malamin nan ramamme ne ko?"

"Kamar sillen kara."

"Na sani. Miƙo mini sandata."

Ya miƙe, ya fita har bakin titi wajen Dalhatu, ya dawo da kitsen tozo a takarda. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙarsa, ya wasa ta a dutsen bakin rijiya. Barira matar kawu Tukur ta leƙo daga madafa ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Yau Baba ne da wuƙa?"

Ko kallonta bai yi ba. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin kunu, ga shi yana daddatsa kitse ƙaf-ƙaf-ƙaf har ya koma kamar tsaki.

"Tsoka huɗu, kitse ɗaya. Zuba. Kai, a hankali! Nama ne, ba wankin zani ba."

"Ka dai bi ni sannu, ni ce mai satifiket."

"Sa satifiket ɗin a burodin mu ci mana. Dakata, kaskon bai yi zafi ba. Yanzu ki barbaɗa gishiri. Ɗora."

Naman ya yi cuuu. Ta kai hannu ga cokali.

"Ajiye cokalin nan! Me ya yi miki kike danne shi? Romon da za ki ba ni kike ba wa gawayi."

"To yaushe zan juya, ranka ya daɗe?"

"In gefensa ya yi duhu, ya fara gumi ta sama. Sau ɗaya tak. Burodin ma kifa shi a man ya ɗan sha wuta, kar ki kawo mini shi da sanyi kamar hannun mai zazzaɓi."

Da ta haɗa guda biyu, ta yanka masa ɗaya gida huɗu. Ya yi bismilla ya kai loma. Naman ya narke a bakinsa, romo ya gangaro ta gemu. Ya cinye tas, ya suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya. Adawiyya ta ga idonsa ya kawo ruwa.

"Ango, kuka kake yi?"

"Hayaƙin kurfotinki ne. Ko wuta ba ki iya hurawa ba."

"To ya ka ji?"

"Burodin ba laifi."

"Naman fa?"

"Naman ai nawa ne, zan yabi kaina ne?"

"Shi ke nan. Bari in kai wa Inna Barira ɗayar, ita ta san daɗi."

"Ajiye nan! Barira na da haƙora talatin da biyu, ta je ta ci ƙashi."

Dariya ta ƙwace wa Adawiyya har ta zauna a ƙasa. Shi ma ya bushe da ita, baki wayam, yana jan farantin gabansa.

"Na sallama, amarya, kin kayar da ni. Abu ɗaya ya rage wa bogar nan, yaji. Ɗauko biro. Haɗin nan ko Dalhatu ban ba shi ba, shekara goma yana bi na."

Ta zaro wayarta.

"Rubuta. Citta. Masoro. Kimba, amma ki gasa ta tukuna. Kanumfari kaɗan. Barkono. Ƙuli-ƙulin da bai kwana ba. Shida ke nan ko?"

"Shida. Saura nawa?"

"Saura ɗaya."

"To faɗi mana!"

Ya ɗauki boga ta biyu, ya juya ta yana neman inda zai fara.

"Wannan sai ranar Asabar, a shagon. Ki turo mini mai adaidaita da hantsi. Kuma ki ajiye mini kujera kusa da kasko, don ban yarda da ke da cokalin nan ba."