Cokali Ɗaya Tak

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shanye kunun yara a ƙauyen Dayi, zamanin da jirgin ƙasa ke tashinmu da asuba a Funtuwa. Ina budurwa sabuwar ma'aikaciya a wani ƙaramin kamfani mai yin garin kunun yara da masara, gyaɗa da waken soya. Aikina in koya wa uwaye abinci mai gina jiki. Farar riga suka ba mu, amma abincin rana ko oho. Wata uku ake gwada mutum, kuskure ɗaya a sallame shi.

Dokar Manaja kuwa, idan ka dama kunu gaban mata, cokali ɗaya tak za ka ɗanɗana don su yarda ba guba ba ne.

Ran nan muka fito tun duku-duku a bayan a-kori-kura, ban karya ba, ga Manaja da kansa ya zo duba aikina. Sai azahar na dama kunun, na kai shi bayan zana ya huce. Na ɗanɗana cokalina na doka. Na ce bari in tabbatar da sukari (ƙarya nake, yunwa ce). Wallahi ban farga ba sai da na ji cokali na kankare gindin tukunya.

Ina ɗagowa, ga uwaye riƙe da ƙoƙuna, ga Manaja, ga kunu a haɓata. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na ce shi ke nan aiki ya tafi.

Wata tsohuwa ta zare tef ɗin da nake auna damtsen yara da shi daga wuyana, ta naɗa a hannuna.

"Alhaji, wannan ma a rubuta ta cikin masu tamowa," in ji ta. "Kuna ciyar da 'ya'yanmu, taku tana rama?"

Mata suka kwashe da dariya, Manaja ya kama share gumi. Tsohuwar ta aika aka kawo mini ɗanwake, ta tsare ni har na cinye.

Ba a kore ni ba. Daga makon, duk mai fita ƙauye sai an haɗa shi da burodi da ƙosai. Allah Ya jiƙan tsohuwar nan, har yau ina kewar mutanen Dayi. Tun ranar ban sake yi wa kowa wa'azin ƙoshi ba sai na karya.