Butar da ba ta cin wuta

Ko da zan manta ranar da aka ɗauke ni aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na tara manyan mutane a kicin ɗina domin su kalli ruwa yana tafasa.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Zuru (ku riƙe wannan, don shi ne ya ƙara wa abin muni). Gidan da muke haya da matata Rifkatu asalinsa gida ɗaya ne, mai gidan ya raba shi biyu da bango. Ɗaya ɓangaren Baba Saje ne a ciki, tsohon soja mai ritaya, da matarsa Mama Laraba wadda ke sayar da zoɓo da kunun aya masu sanyi. Da aka kawo mita mai kati, kowa aka ba shi tasa, aka manna su gefe da gefe a baranda.

Tun daga ranar na zama wani irin mutum. Kafin in gaishe da matata da safe, sai na gaishe da mita. Na bi kayan gidan ɗaya bayan ɗaya ina neman ɓarawon wuta, har na kama shi: tsohuwar hitar da muke tsomawa a bokiti a falo. Da an jona ta, jan ƙwan mitar nan sai ya kama ƙifta ido kamar an watsa masa barkono.

Na tafi kasuwa shagon Oga Chidi mai kayan wuta, na ce ina son butar lantarki wadda ba ta cin wuta.

"Ticha, babu irin wannan," in ji shi. "Duka suna ci. Ka ɗauki ƙarama mai kashe kanta idan ruwa ya tafasa, mai jiki biyu da ke riƙe zafi. Kuma ka zuba ruwan da kake so kawai, kada ka cika."

Na yi masa murmushin da nake yi wa 'yan aji ɗaya, na sa ya sauko da butoci har tara. Na karanta gindin kowacce, na ƙwanƙwasa, wata ma na sansana ta (har yau ban san abin da nake nema ba). Bayan awa guda na zaɓi wadda ya nuna mini tun farko, na fita ina jin ni na gano ta.

A gida Rifkatu ta ce ba ta son buta a falo. Muka janye buhun dawa a kicin, sai ga wani soket a jikin bango da ba mu taɓa amfani da shi ba, don da gawayi take girki. Na jona, na ruga baranda. Ruwa na ta kuka a ciki, mita kuwa ko gezau. Na sake tafasawa. Shiru. Na cika ta fal, na tafasa sau huɗu a jere. Mita tana barci abinta.

Malamin kimiyya na gari zai tsaya ya tambayi dalili. Ni kuwa rawa na taka a baranda.

Daga nan komai ya koma buta. Ruwan wanka, buta. Ruwan tuwo, buta. Ruwan fige kaza, buta. Har ƙwai na dafa a ciki.

Bayan sati biyu Baba Saje ya tare ni a gindin mangwaro, fuskarsa a murtuke.

"Ticha, kai da ka yi boko, mi ke cinye mini kati? Ko a bariki ban ga irin wannan ba."

Na gyara tsayuwa, na shiga gidansa ina dube-dube kamar likita. Na nuna dutsen guga, na girgiza kai. Na nuna firijin Mama Laraba, na yi tsaki.

"Baba, ga ɓarawonka nan. A riƙa kashe shi da rana. Mu da muka san kan wuta, sai mu yi kwanaki mitarmu ba ta motsa sosai ba."

Aka kafa dokar soja a gidan. Zoɓon Mama ya koma ɗumi, masu saye suka koma wani layi. Ta daina amsa gaisuwata da kyau, na ce a raina jahilci ne.

A makaranta kuma na hana kowa shan iska a ɗakin malamai da labarin butata da ba ta cin wuta. Da suka ƙi yarda, na gayyace su su gani da idonsu. Ranar Asabar da la'asar sai ga malamai uku, har da Madam mataimakiyar shugaban makaranta, wadda ta ce idan gaskiya ne za ta sa a sayo wa ofis. Na sa rigar da nake zuwa biki da ita. Na kai su baranda suka rubuta lambar mita a takarda, muka dunguma kicin. Baba Saje yana ɗakinsa yana kallon ƙwallo, muna jiyo ihun talabijin ta bango.

"Ku lura da kyau," na ce, na danna makunni. "Wannan fasaha ce ta zamani, ba kowa zai gane ta ba."

Ruwa ya fara motsi. Ina cikin bayani da hannu biyu, sai fitilar butar ta mutu ɗif. A daidai lokacin talabijin ɗin Baba Saje ya yi shiru.

"An ɗauke wuta," na ce.

Madam ta ɗaga kai ta kalli ƙwan kicin. Yana nan tar. Fankar falo ma tana juyawa.

Ta bango muka ji Baba Saje: "Laraba! Kin kunna firijin nan ko? Kati ya ƙare ana shirin buga fanareti!"

"Ni ban taɓa komai ba! Ka tambayi Injiniyanka!"

Muka ji ya fito baranda yana danna lambobin sabon kati, ƙit, ƙit, ƙit. Yana gamawa talabijin ya dawo, butata ma ta kawo wuta ta ci gaba da kukanta, babu wanda ya taɓa ta.

Malamin lissafi ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Madam ce ta leƙa ta taga ta ce, "Baba, don Allah ɗan zo."

Ya zo ya tsaya a ƙofar kicin, ya kalli buta, ya kalli soket, ya kalli bangon da ya raba mu, sannan ya kalle ni. Ya koma ɓangarensa inda babban makunnin wutarsa yake, ya kashe shi.

"Ticha! Ta mutu?"

"Ta mutu, Baba."

"Yanzu fa?"

"Ta tashi, Baba."

Sau biyar ya yi haka, kuma sai na amsa da ƙarfi, don idan na yi ƙasa da murya sai ya ce bai ji ba. A na biyar Mama Laraba ta iso da zani ɗaure a ƙugu.

"Ɗana, ashe da wutarmu kake fige kaza, ni kuma zoɓona yana tsami?"

Na buɗe baki in yi bayanin yadda mai gida ya raba ginin bai raba waya ba, sai na ji kaina ina cewa, "Mama, ko za ku sha shayi?"

Rifkatu ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ina jiyo dariyarta a cikin filo.

Washegari bayan an taso daga coci Baba Saje ya yanke hukunci. Ya ce ba ya son ko sisi. Mai gyaran wuta zai mayar da soket kan mitata, kuma ni da bakina zan bi layinmu gida-gida in sanar cewa zoɓon Mama ya dawo da sanyinsa. Na bi. A kowane gida sai an tambaye ni me ya same shi da farko, kuma Mama tana bayana tana jira in faɗa.

Butar tana nan, kuma ba laifi, ta fi hita sauƙi nesa ba kusa ba, in dai kofi biyu za ka sha ka zuba ruwan kofi biyu. Abin da na koya shi ne, duk ranar da ka ga wani abu a gidanka yana aiki kyauta, kada ka kira Madam. Ka fara leƙa maƙwabcinka ka ga ko yana cikin duhu.