Ranar da Na Tarwatsa Ɗakin Bidiyon Mutari

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Tamanrasset, can ƙasar Aljeriya, ba. Ko na so in manta ma, akwai mutanen da suka ɗauki nauyin tuna mini da ita har in koma ga Allah.

Lokacin ina saurayi, na baro Damagaram ina leburanci wurin wani gini a unguwar Tahaggart. Siminti ya cinye mini tafin hannu, bayana kuma ya fara yi mini ƙara irin ta tsofaffi in na duƙa. Hutunmu ɗaya ne, Juma'a bayan an sauko masallaci. Sai mu taru ɗakin Mutari, wani ɗan Maraɗi da Allah ya hore wa tele da bidiyo. Ya toshe taga da bargo, ya ja ƙyaure, ɗakin ya yi duhu ɗulum da rana tsaka, mu cika shi maƙil, gwiwar wani a haƙarƙarin wani.

Ni ne tafinta. Na ɗan taɓa lekkol, wato boko, kafin ta kore ni, kuma kasusuwan bidiyon da Mutari ke samowa kusan duk da Faransanci suke magana. Saboda haka wurina na gaba ne, dab da tele, ina juya wa jama'a abin da ake faɗa (inda ban gane ba in ƙirƙira, ba wanda ya taɓa kama ni). Da an sa fim ɗin ban tsoro kuwa, sai in tashi daga tafinta in koma malami.

Ina da ra'ayoyi, kuma ba na rowarsu. Jinin nan timatir ne, in ce. Dodon nan wani ƙato ne aka manna wa roba a fuska, da an gama zai je ya ci abincinsa. Tsoron duka cikin kiɗa yake, a rage murya ku gani in ba dariya za ku yi ba. Abin da ya fi ba ni haushi kuma shi ne wautar mutanen fim ɗin: mutum ya ji motsi a ɗakin da ba kowa, maimakon ya tattara iyalinsa ya bar gidan, sai ya ɗauki kyandir ya je dubawa, har yana tambayar wane ne. Wa zai amsa maka? Mu da muka tashi da labarin aljanun tsamiya da na tsohuwar rijiya, in ce, ba Bature ne zai tsorata mu da roba ba. Ilu, abokin kwanana, shi ke shan baƙar magana, don shi ba ya ɓoye tsoronsa. Da kiɗa ya sauya sai ya cusa kai cikin riga yana ta a'uziyya, ni kuma in ce a ba shi zani ya ɗaura.

To ga abin da ban taɓa faɗa musu ba. Duk wannan wa'azin da ido rufe nake yin sa. Mai zama a gaba ƙeyarsa kawai ake gani. Da na ji abu ya fara lalacewa sai in runtse, in bar kunne ya yi aiki, ina fassara ina dariya. Na fi Ilu tsoro nesa ba kusa ba. Ilu aƙalla yakan leƙo ta wuyan riga.

Ana haka sai labari ya zo cewa Elhaji Lawali, wani babban ɗan kasuwarmu a Assihar, yana neman mai gadin mangazar da yake ajiye kaya. Aiki ne na zama, ga ɗaki, ga inuwa, ba siminti ba tsani. Wallahi na so aikin nan har cikin raina. Sharaɗinsa guda ne, yana son mai zuciya. Mutari ya ce masa ai an gama, akwai yaron da ko gizau ba ya yi, a zo a gani da ido. Elhaji ya ce zai biyo ranar Juma'a ya sha shayi, ya kuma ga yaron.

Ya zo cikin babbar riga fara ƙal, tare da abokinsa Agali, wani dogon Ba'abzine daga Agadas mai naɗin rawanin turkuɗi, ba a ganin komai a fuskarsa sai ido. Agali bai damu da fim ba. Ya nemi kusurwa can baya a cikin ɗakin ya hura gawayinsa, ya ɗora buta. Aka shimfiɗa wa Elhaji darduma a gaba, ya dafa wurin da ke gefensa ya ce, "Zo nan, ɗana. An ce kai ne ba ka san tsoro ba."

Na ce, "Elhaji, ai wasan yara ne. Timatir ne da roba."

Mutari ya tura kaset, ya ce sabo ne, wani direba ya kawo masa daga arewa. Mutanen ciki suka buɗe baki, sai na ji wani yare da ban taɓa ji ba. Faransancin kuwa ga shi can an rubuta a ƙasan tele, ƙanana-ƙanana, yana zuwa yana wucewa. Ka gane masifar? Kunne ya tashi daga aiki. In zan fassara dole in karanta, in zan karanta dole in buɗe ido, ga Elhaji kafaɗa da kafaɗa yana kallona ta gefe. Ranar ce karon farko a rayuwata da na kalli fim ɗin ban tsoro.

Da farko na riƙe. Wata mata ce ta gaji tsohon gida a bayan gari, ta tare ita kaɗai (nan ma sai da na yi sharhi, na ce da 'yar Damagaram ce da ta sa haya). Ana tafiya ana tafiya, sai na lura ba jini, ba dodo, ba komai. Ƙofa ce kawai za ta rufe, ta dawo ta tarar da ita a buɗe. Kujera ce za ta bari a nan, ta same ta a can. Muryata ta siranta har Elhaji ya ce in ɗaga, ba ya ji.

Sai aka zo wani wuri da matar ke wanke kwanuka, an nuno ta ta baya. Kiɗan da na ce shi ne tsoron, sai aka ɗauke shi gaba ɗaya. Ba abin da ake ji sai ruwa yana zuba. Ɗakin Mutari ma ya yi tsit, ko a'uziyyar Ilu ta tsaya. Ba rubutu a ƙasa, ba abin fassarawa, amma idona ya ƙi rufuwa, ya kafe. Ana matsowa kusa da ƙeyarta a hankali, a hankali, ni kuma sai na ji tawa ƙeyar ta yi sanyi. Can daga gefen tele wani hannu ya fara fitowa, yana nufar kafaɗarta.

Daidai nan wani hannu ya zuro ta kan tawa kafaɗar.

Dogo ne, siriri, shuɗi har farce, hasken tele na sheƙi a kansa. Na waiwaya, na ga ido biyu a cikin duhu, ba hanci ba baki.

Ban san lokacin da na ce "Wayyo Inna!" ba. An ce na taka cinyar Elhaji na bi ta kan mutane, ni dai ban ji na taka komai ba. Abin da na sani, ƙyauren Mutari ciki yake buɗewa, amma ranar waje ya buɗe.

Yanzu sai in yi maka bayanin wani abu game da zamanmu a can. Yawancinmu ba mu da takardu. Kowa ya san in samame ya rutsa da kai, mota ce za ta zube ka bakin iyaka da kayan jikinka. Saboda haka muna da ƙa'ida da ba wanda ya koya wa wani: in ka ga ɗan'uwa ya zabura da gudu, ba ka tsayawa tambaya. Ka bi shi, in an tsira a yi bayani. Balle kuma wanda ya zabura ɗin shi ne jarumin ɗaki, wanda ko gizau ba ya yi. Kowa ya ce abin da ya kori wannan ba ƙarami ba ne, jandarma ne sun kewaye gidan.

Na miƙe lungu ba takalmi. Da na ɗan yi nisa hankalina ya fara dawowa, na ce bari in waiwaya. Sai na ga jama'a ɗuu a bayana, kowa ido waje. Na ce shi ke nan, ashe ba ni kaɗai na gan shi ba, abin ya fito yana bin mu. Na ƙara mai. Su kuma da suka ga na waiwaya na ƙara gudu, suka ce lalle ya hango motar, suka ƙara nasu. Haka muka yi ta zuga juna. 'Yan'uwanmu na wasu gidaje, da ba su ma san ana kallon fim ba, suka ga wucewarmu suka bar tukunya a wuta suka shigo layi. Wani Balarabe mai shago ya fito yana ta tambayar lafiya, ba wanda ya kula shi, shi ma ya ja ƙofarsa ya kulle.

Sai da muka kai busasshiyar ƙorama a bayan unguwa numfashi ya ƙare. Muka zube cikin yashi. Aka jira, ba mota, ba jiniya, ba kowa sai awaki. Mutari yana haki ya ce, "Ta ina ka gan su?" Na ce a bari in huta tukuna. Tun a nan na fara gane abin da na aikata, na kuma fara roƙon Allah Ya kawo jandarman gaske ko guda ɗaya ne.

Muka koma a ɗarare. A tsakar gida muka tarar da Ilu yana fitowa daga tano, gangar ƙarfen da ake tara ruwa, jiƙe sharkaf, don shi ƙafarsa ta ƙi gudu, sai ya faɗa ciki ya ja murfi. Elhaji kuma maƙwabta ne suka rako shi. Duk da takardunsa cikakku ne, jiki ya tuna zamanin da ba shi da su, ya haura katanga ya dira a garken tumakinsu. Babbar rigar nan ta yage tun daga hammata, kuma ba za a sake kiranta fara ba.

A cikin ɗaki fim na ta yi. Agali na zaune inda na tashi, ga ɗan kofi a hannunsa. Ya dube ni ya ce, "Shayinka ya huce, yaro."

Elhaji ya zauna a bakin ƙofa yana murza gwiwa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ya ce, "Ɗana, a mota suke ko a ƙasa?"

Na so in ce ta taga na hango su. Na dubi tagar, bargon Mutari na nan inda yake. Jama'a sun cika tsakar gida, har da waɗanda tuwonsu ya ƙone, kowa ya zuba mini ido.

Na ce, "Hannu na gani, Elhaji."

"Hannun wa?"

Agali ya ɗaga nasa a hankali, ya juya shi gaba da baya. Shunin rawaninsa ne ya rine shi, kamar yadda yake rine hannun duk mai naɗa turkuɗi, abin da nake gani kullum a kasuwa tun ranar da na zo garin. Ya ce, "Ni dai kofin farko na miƙa masa, don an ce shi ne babban baƙo bayan Elhaji."

Wani ya fara dariya daga baya, sai ta kama ko'ina. Mutari ya kwanta ƙasa yana riƙe ciki, ya ma manta da ƙyaurensa. Wani ya maimaita kiran da na yi wa Inna da irin muryar da na yi shi. Ilu, da ruwa ke ɗiga daga gemunsa, ya matso ya tambaye ni a hankali ko ya kawo mini zanin. Kunya ta rufe ni har na ji hawaye na neman zuwa, don duk wanda ke wurin ya yi gudun ceton rai saboda ni.

Elhaji ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Ɗana, mangazata akwai ɓeraye, akwai mage, iska kuma na kaɗa kwanon rufi. In na ba ka gadi, kafin wata Juma'ar ka tashi kasuwar Assihar gaba ɗaya." Ya juya ya nuna Ilu. "Wannan na cikin tano ya zo gobe. Shi aƙalla bai bar gidan ba."

Washegari na koma kwaɓa siminti, Ilu ya koma inuwa. Ban ƙara cewa timatir ba. In ka tambaye ni yau abin da ke sa fim ɗin nan ban tsoro, ba jinin ba ne, ba kiɗan ba ne, tuna maka da yake yi ne cewa kana da ƙeya kuma ba ka ganin abin da ke bayanta. Abin da na koya kuma bai da yawa. In kai matsoraci ne, ka faɗa tun ana shimfiɗa tabarma, a ba ka wuri jikin bango. Mutane za su yi maka dariya a zaune, ya fi su yi maka ita bayan sun bi ka da gudu har ƙorama.