Jikan Zuhdi Bek Ya Kai Ziyara Kangon Kakansa

"Ni da kuke gani ina shan shayi da ku, tawali'u ne kawai," in ji Ustazu Shaukat, yana buga ƙwayar dara a kan tebur. "Kakana Zuhdi Bek, babban basarake, in ya hau doki da hantsi, sai la'asar yake fita daga gonarsa. Gidanmu na yankin Sa'id can kudu kuwa, baƙo kan ɓace a cikinsa sai an bi shi da kira!"

Abokina, wannan waƙar mun haddace ta a teburin mai shayi na unguwarmu ta Shubra. Shaukat tsohon akawu ne a ofishin ruwa, tumbi gaba, gashin baki an murɗe shi sama, bakin nan kuwa ba ya hutu. Ni Fikri direban tasi, maƙwabcinsa, nakan ce masa Bek na gwangwani, ya yi dariya ya ce hassada ce.

Ana nan sai ɗansa Ra'fat ya ga Nirmin, 'yar Alhaji Abdussabur dillalin hatsi, ya ce in ba ita ba sai rijiya. Alhaji mutum ne mai son sanin asali. Da aka je gaisuwa, maimakon Shaukat ya ce yaro na da aiki da hankali ya ja bakinsa, sai ya saki Zuhdi Bek da dokinsa a falon mutane.

Alhaji ya shafa gemu. "Madalla. Kafin in ba da amsa, a kai ni in ga gidan nan."

Da muka fito na ce, "Kai Shaukat, akwai gidan kuwa?"

"Akwai mana! Na taɓa hango shi ta tagar jirgin ƙasa, na tambayi sunan mai shi."

"Kakan naka ne?"

"Fikri, kango ba ya magana. Kai dai zuba mai."

Muka kama hanyar kudu, ni da shi da Alhaji. Shaukat ya sha baƙar kwat a wannan zafin, ya rungume wani ƙaton mabuɗi mai tsatsa da ya tsinto a kasuwar 'yan gwangwan, wai gadon gida ne. Magajin gida guda, amma sai da muka ɓata har muka gaji, muna faɗawa gonakin rake.

"Gwamnati ta canza hanyoyin," in ji shi.

"Har da kogin?" in ji Alhaji.

Da ƙyar wata mata mai ɗauke da ciyawa ta nuna mana. Gida kam ya ci sunansa a zamaninsa: ginshiƙai, baranda, dogayen dabinai a jere. Amma rufi ya rufta, tagogi sun zama ramuka. Shaukat ya ɗaga mabuɗi sama ya nufi ƙofa da taƙama. Ko ƙyaure babu, wata akuya ce kwance a wurin tana tuƙa.

"Ɓarayi!" Ya tura mabuɗin aljihu, aljihun ya yage. "Bismillah Alhaji, ga falon baƙi. A nan manyan ƙasa suke cin abinci."

Muka leƙa. Wata saniya ta ɗago kai daga komin dusa ta dube mu.

"Har yanzu ana ci," in ji Alhaji.

Shaukat ya ce bari ya hau bene ya nuna mana ɗakin da aka haifi mahaifinsa. Taku kaɗan matakala ta ce ba da ni ba, ƙafarsa ta zurma har gwiwa. Tattabarun da ke saman rufi suka tashi gaba ɗaya, suka yi wa baƙar kwat ɗin nan ado da fari. Ni da Alhaji muka zaro shi, takalmi ɗaya ya zauna can.

Kafin mu karkaɗe shi, mutanen ƙauye sun cika tsakar gida, manyan riguna da rawuna, kowa da gorarsa. Babbansu wani dogon tsoho, Baba Haridi, ya yi mana maraba, ya sa aka shimfiɗa tabarma aka kawo baƙin shayi. Ya ce, "Baƙi daga ina?"

Na taka wa Shaukat ƙafa. Ina! Ya ga taro.

"Baƙi? Baba, ni ne mai gidan nan! Jikan Zuhdi Bek, na cikinsa!"

Har saniyar sai da ta daina tauna. Baba Haridi ya ajiye kofinsa a hankali, hawaye ya cika masa ido.

"Alhamdu lillahi da na ga wannan rana. Ɗana, ɗan Zuhdi Bek ne ya harbe wan mahaifina a kan rabon ruwan gona. Washegari suka kwashe suka gudu. Tun daga nan ba mu karɓi gaisuwar mamacinmu ba, muna jiran namiji daga gidanku."

Shayi ya sarƙe Shaukat. "Jira... don me?"

"Kwantar da hankalinka, yanzu an waye. Za ka ɗauko likkafaninka a hannu biyu, ba takalmi ba hula, ka ratsa gari ka miƙa mana wuyanka. Yawanci sai a yanka rago a madadinka, a yafe."

"Yawanci?"

"Yawanci. Ƙanena ne dai mai zafin kai, amma za mu riƙe shi."

Wani ƙato a bayan taro ya gyara riƙon gorarsa. Aka aika a yanko farin yadi. Wani ya zo yana gwada tsawon Shaukat da igiya, ya ce a ƙara saboda tumbi.

Wallahi na tausaya masa. Ga Alhaji zaune yana kallo, ga auren ɗansa a tafin hannu, ga likkafani tafe. Gashin bakin nan da ke kallon sama ya sunkuyo. Sai ya fashe.

"Baba, na rantse ban haɗa komai da Zuhdi Bek ba! Ban san shi ba, bai san ni ba! Kakana Sha'aban ne, mai askin jakuna a kasuwar dabbobi! Ubana ma shi ya yi, ni ma da almakashi na tashi!"

Baba Haridi ya girgiza kai. "Haba ɗan Bek. Kowane magaji ya ga likkafani ai haka zai ce."

"Fikri, gaya musu!" in ji Shaukat.

Na ce, "Ni dai shekara da shekaru doki nake ji, ban taɓa jin jaki ba."

"Abu mai sauƙi," in ji tsohon. "A kawo jaki."

Aka jawo wani buzu-buzun jaki da ƙaton almakashi. Shaukat ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya dabaibaye ƙafafun, ya yi wa jakin wani ɗan fito a kunne, dabba ta tsaya cak. Sai ƙyas-ƙyas-ƙyas! Jama'a, ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Ya kwashe gashin tas, ya fitar da zane mai hawa-hawa a cinya, ya bar ɗan tuntu a bakin wutsiya. Jaki ya fito kamar ango.

Taro ya ɗauki tafi. Ƙaton nan mai gora ya rungume Shaukat. "Wallahi wannan ba ɗan Bek ba ne! Tsaya in kawo nawa."

Ai kuwa sai layi. Magajin gida ya wuni a durƙushe a farfajiyar kakansa na aro, gashin jaki har cikin hanci, mu kuwa aka kawo mana gasassun tattabaru muna ci a inuwa.

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce gonakin rake. Shaukat ya ce da ƙaramar murya, "Alhaji, laifina ne. Kada ya shafi yaron."

"Ustazu, da na ji zancen jini na riga na fasa a raina, don ba zan kai 'yata gidan da ake bi bashin rai ba. Amma gidan sana'a? Na ba Ra'fat Nirmin."

Kafin mu kai kwana ta gaba gashin baki ya fara miƙewa. Ya gyara zama ya yi gyaran murya.

"Ai kakana Sha'aban ba ƙaramin mai aski ba ne. Jakunan manyan mutane kaɗai yake taɓawa."

"Haka nake so," in ji Alhaji. "Nawa masu jan amalanken hatsi duk sun yi gashi. Ka zo gida ranar Asabar, amma ka biyo ta ƙofar baya, can suke ɗaure."