Tsutsar da Na Bar wa Gida

Ɗana ya kawo akwatin gilashi daga Legas, da kifayen ado da duwatsun teku, ya bar mini amanarsu ya yi tafiya zuwa garin Wara. Ni da ba abin da ke wuce idona, na hango wata tsutsa mai gashi tana leƙowa daga dutse, tana harin kifayen. Wa zan tambaya? A bakin ruwa aka haife ni. Na kwashe su na zuba a bahon ruwan kogi, ina yi musu faɗa su natsu.

Sun natsu kuwa, ciki sama.

Da ya dawo ya ce, "Inna, kifin ruwan gishiri ne fa!"

Tsutsar na nan, ta yi ƙiba. Har yau jikokina kan ce, "Tsohuwa, ya 'yar riƙonki ta kwana?"