Salansa da Ƙanƙarar Shan Ruwa

Wani azumi, lokacin ina ji da kaina, na sayo wa babur ɗina sabuwar salansa. Malam Sani bakanike ya ce in kawo ya daidaita. Na ce, "Haba Malam, noti uku ne fa!" Na ɗaure ta da kaina, bakinta na kallon sama.

Da yamma 'yan majalisarmu ta Tudun Wada suka aike ni unguwar Kongo sayen ƙanƙarar shan ruwa. Na ɗaure buhun daidai bakin salansar, na taho ina taƙama. Ana kiran sallah na kwance buhu, sai ruwa, har da ɗuminsa. Kowa ya zuba min ido.

Yanzu duk mun yi furfura, amma azumi na kamawa Malam Sani zai ce min, "Injiniya, a ɗora mana shayi."